Hanyar zama lauya: ƙofar da ake rufe wa yaro tun yana aji huɗu

Tun tana firamare ake kiran 'yar ƙanwata Barista a gidanmu. Bakinta ne ya jawo mata sunan. In aka yi rabo aka fifita yayanta a kanta, sai ta zauna ta jero hujjoji har kakarsu ta gaji ta daidaita musu. Da ta gama sakandare ba ta nemi shawarar kowa ba wajen cike takardar JAMB, don a wurinta maganar ta daɗe da ƙarewa, lauya za ta zama. Ta ci maki 271 cikin 400. Ranar da sakamakon ya shigo wayar mahaifiyarta har guɗa aka yi a tsakar gida.

Sunayen farko suka fito babu nata. Na biyu ma haka. Muka yi ta zargin rashin uwa a gindin murhu, kamar yadda kowa yake yi in gurbi ya kuɓuce. Sai wata rana da la'asar na kai ta wurin wani abokina malamin jami'a. Ya karɓi takardar WAEC ɗinta, ya ɗora yatsa yana bin darussan ɗaya bayan ɗaya. Turanci akwai, lissafi akwai, darasin gwamnati, Hausa, addinin Musulunci, duk kiredit. Ya kai ƙarshe ya sake komawa sama, sannan ya ɗago kai ya ce, "Ina litireca?"

Ta juyo ta dube ni. "Kawu, ai makarantarmu ba a yi. Malamin ya bar aiki tun muna aji huɗu, ba a kawo wani ba."

Abokin nawa ya ninke takardar ya miƙa mata da hannu biyu. Jami'ar da ta zaɓa ba ta duba makin kowa a fannin lauya sai ya nuna kiredit a adabin Turanci. Ashe tun tana 'yar shekara 14, ranar da malami ya tattara littattafansa ya tafi, aka yanke hukuncin wannan shekarar tata. Babu wanda ya sani a gidan, har da ni da nake taƙamar na yi boko.

Wannan rana ce ta sa na bi hanyar zama lauya a Najeriya tun daga farkonta har zuwa ranar da ake ɗora wa mutum hular gashi. Abin da na gani shi ne, jarrabawar da kowa yake tsoro ita ce mafi bayyana a cikin shingayen, kuma shingayen da ba a gani su suka fi kayar da 'ya'yanmu. Ɗan da ya tashi a gidan lauyoyi yana jin labarinsu a bakin tabarmar cin abinci. Ɗan manomi da 'yar mai ƙosai kuwa da shekarun rayuwarsu suke sayen wannan sanin.

Babu jarrabawar lauya ta musamman

A Amurka mutum sai ya gama digirin farko a kowane fanni, sannan ya zauna wata jarrabawa mai suna LSAT, wadda makinta ke tashi daga 120 zuwa 180. Ba ta tambayar doka ko ɗaya. Iya karanta dogon rubutu da gano raunin hujja take aunawa. In ya samu shiga sai ya yi shekara uku. Mu tsarin Ingila muka gada, daga sakandare ake wucewa tsangayar shari'a kai-tsaye. Shi ya sa shawarar da Ba'amurke yake yankewa yana ɗan shekara 22, namu yaron yake yanke ta a aji huɗu, lokacin da ake raba ɗalibai tsakanin kimiyya da fasaha da kasuwanci, galibi ba tare da an zaunar da shi an yi masa bayani ba.

Don haka mai son karatun lauya jarrabawar kowa da kowa yake zaunawa, wato UTME ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ne. Turanci dole ne kuma tambayoyinsa 60, sauran ukun kowanne 40, jimilla 180, a cikin awa biyu. In aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta baki ɗaya, kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba kafin ranar, minti goman farko a rawar hannu suke tafiya, ko da kuwa ya san amsa. Akwai jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa kafin ta gaske. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma ban ga dalilin da zai sa uba ya hana ɗansa ita ba.

Ga mai neman lauya, darussan da aka saba haɗawa da Turanci su ne adabin Turanci, darasin gwamnati ko tarihi, sai addini ko tattalin arziki. A takardar WAEC ko NECO kuma ana neman kiredit biyar, ciki har da Turanci, kuma jami'o'i da yawa suna ƙara adabin Turanci da lissafi a matsayin sharaɗi. Wasu suna karɓar haɗin sakamako biyu, wasu sun ce a zama ɗaya. Duk wannan yana rubuce, jami'a bayan jami'a, a kundin da JAMB take sakawa kyauta a shafinta na intanet. Sai dai a zahiri yaro yakan je shagon rajista ne, layi ya yi tsawo, rana ta take, mai danna kwamfuta ya tambaye shi, "Wane kwas?" ya ce lauya, a cike masa abin da aka saba cikewa, ya sa yatsa ya fito. Babu wanda ya buɗe kundin.

A kowace shekara ana sanar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a. A 2025 an tsayar da 150. Wannan adadi yana yaudarar iyaye ƙwarai, don babu ruwansa da fannin lauya. A manyan jami'o'i sai wanda ya yi nisa sama da 200 ake saurara, a wasu ma 250 ba ta isa. Ga kuma yadda makin yake da tsada: a sakamakon farko na 2025, cikin sama da mutum miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. A shekarar ce ma aka gano tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, aka sake musu jarrabawar.

Bayan UTME akwai tantancewar da kowace jami'a take yi da kanta, wadda ake kira Post-UTME. Wasu jarrabawa suke yi, wasu lissafin maki kawai suke haɗawa da sakamakon WAEC. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin zamani, waɗanda mafi yawan jihohin Arewa suna ciki. Ma'anar wannan ita ce zaɓen jami'a ma lissafi ne. Makin da ba zai kai Bakatsine ko'ina ba a Ibadan yana iya buɗe masa ƙofa a Zariya ko Sakkwato. Sannan tun 2017 duk gurbin da bai bi ta manhajar CAPS ta JAMB ba, ba gurbi ba ne a idon hukuma, komai kyan takardar da jami'a ta ba yaro. Wanda ya shiga ta bayan gida zai gane kurensa bayan shekara biyar, ranar da aka nemi sunansa a jerin hukuma aka rasa.

Turancin da ake nema

A nan nake son in daɗe, don a nan ciwon yake. Iyaye da yawa suna ɗauka lauya bakin magana ne, yaro in yana da surutu da ƙarfin hali shi ke nan. Aikin lauya kuwa kashi mafi girma karatu ne da rubutu. Hukuncin Kotun Ƙoli guda ɗaya yakan kai shafi hamsin ko ɗari, da Turanci mai nauyi, kuma abin da ake nema a ciki wataƙila sakin layi biyu ne. Ɗalibin da bai saba zama da littafi awa uku ba zai sha wuya tun daga aji ɗaya, ko da ya tsallake JAMB.

Dalilin sa adabin Turanci a sharaɗi ke nan. Darasi ne da yake tilasta wa yaro ya karanta littafi daga bango zuwa bango, ya riƙe wa ya ce me, don me ya faɗa, me ya ɓoye, sannan ya rubuta ra'ayinsa ya kare shi da shaida daga cikin littafin. Wannan shi ne aikin lauya a ƙaramin sikeli. A jerin WAEC na 2021 zuwa 2025 akwai wasan Wole Soyinka mai suna The Lion and the Jewel, da labarin Buchi Emecheta, Second Class Citizen, da wasan Shakespeare, A Midsummer Night's Dream. Jerin yana canzawa bayan shekara biyar, don haka littafin da yaya ya karanta ba lalle ya yi wa ƙane amfani ba. Ita ma JAMB tana da ɗan littafin labari da take sa kowa ya karanta don darasin Turanci. Shekaru kaɗan da suka wuce The Life Changer ne, na Khadija Abubakar Jalli, wanda labarinsa ya gudana a jami'ar Zariya, daga 2025 kuma aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba.

Abin baƙin ciki, a makarantun gwamnati da yawa na yankinmu wannan darasi shi ne maraya. In malami ya yi ritaya ko ya samu aiki mai gwaɓi, sai a cike gurbin darasin da wani abu, a yi wa yara rajistar WAEC ba tare da shi ba. Shugaban makaranta yana ganin ya taimaka, ya kauce wa darasin da yara ke faɗuwa. Bai san ya toshe wa aji guda hanyar lauya ba, har da hanyar karanta Turanci a jami'a.

Darasin share fage na wata uku da ake biya kafin JAMB yana da amfaninsa. Yana koya wa yaro saurin amsa da sanin salon tambaya, musamman in an dage da tambayoyin shekarun baya ana auna lokaci da agogo. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Turancin da ake buƙata ba ya samuwa a wata uku. Yaron da ya saba karanta jarida tun aji ɗaya, yana sauraren labarai da Turanci, yana rubuta shafi guda a mako wani ya gyara masa da jan biro, ya riga ya yi rabin shirin.

Su kuma cibiyoyin da ake kai yara a rubuta musu amsa a allo, ga mai son lauya guba ne. Kiredit ɗin zai fito, karatun ba zai fito ba. Bayan haka, wannan sana'a tana binciken hali kafin ta karɓi mutum. Wanda aka taɓa kamawa da satar jarrabawa ko shiga ƙungiyar asiri a jami'a yana iya gama komai a ƙi rantsar da shi.

Yadda muka makara, da abin da muka riƙe

Rashin sanin hanyar nan yana da tarihi. Christopher Sapara Williams ya zama lauyan Najeriya na farko a Landan a 1879. Arewa ba ta samu nata ba sai 1955, lokacin da Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdul-Razaq na Ilori ya kammala, tazarar shekara 76 ke nan. A zamanin Turawa ba a barin lauya ya tsaya a kotun alƙali, kuma a can ne kusan duk shari'ar talakan Arewa take ƙarewa, to wa zai tura ɗansa koyon sana'ar da ba ta da kasuwa a garinsu? Ga kuma kallon da ake yi wa aikin. Kalmar kanta ta yi karo da tamu, har dattawa suna cewa lauya mai lauya magana ne, yana karɓar kuɗi ya wanke mai laifi. Har yau akwai gidajen da sai an kai ruwa rana kafin uba ya yarda.

Amma ba daga sifili muka fara ba. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano don horar da alƙalai, da malamai daga Sudan. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci, SAS, a 1947, kuma Sheikh Abubakar Mahmud Gumi yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, karatun shari'a ya zauna a harabarta ta Kongo a Zariya, inda yake har yau. Mai shari'a Muhammad Bello na Katsina ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995, Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi har 2006. Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko lauya daga Arewa, ita ce kuma mace ta farko da ta hau wannan kujera a 2012.

Wannan gado ya bar mana wata ƙofa da ɗaliban Islamiyya da na makarantun Larabci ba su cika lura da ita ba. A Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo ana haɗa dokar da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya. A Zariya da Maiduguri akwai layin shari'a daban da na doka zalla. A irin waɗannan kwasa-kwasan Larabci ko darasin addinin Musulunci shi ne ake nema a JAMB, kuma wanda ya gama lauya ne cikakke, zai tsaya a Babbar Kotu ya tsaya a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Tsarin mulkin 1999 ma ya wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. Gado, aure, saki, riƙon yara, wasiyya da wakafi, a nan rigingimun gidajenmu suke, kuma lauyan da zai buɗe Risala ko Mukhtasar ya karanta da kansa yana da abin da abokan karatunsa ba su da shi.

Akwai kuma hanyar difloma. Kwalejin Aminu Kano ta shari'a da addinin Musulunci, ta A.D. Rufa'i a Misau, ta Muhammad Goni a Maiduguri da ire-irensu sun yaye ma'aikatan kotu masu yawa. Mai difloma mai kyau, ko mai sakamakon karatun share fagen jami'a na IJMB, yana iya neman shiga aji biyu kai-tsaye ya yi shekara huɗu maimakon biyar. Gurabenta kaɗan ne, kuma ba kowace jami'a ce take karɓar kowace difloma ba. Ita kanta diflomar ba ta mayar da kowa lauya.

Kason da ba a faɗa wa iyaye

Digirin lauya shi kaɗai ba ya ba mutum izinin buɗe baki a kotu. Sai ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, wadda dokar 1962 ta kafa, ta kuma fara aiki a Janairun 1963 da ɗalibai takwas a titin Igbosere a Legas. Yau hedikwatarta tana Bwari a Abuja, da rassa a Legas, Agbani ta jihar Inugu, Bagauda ta jihar Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal. Wurare bakwai ke nan, su za su ɗauke duk wanda tsangayoyin shari'a na ƙasar nan suka yaye.

Saboda wurin ba shi da yawa, Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi, wadda makarantar take ƙarƙashinta, ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara, gwargwadon malamanta da ɗakin karatunta. Wata 50 aka ba ta, wata 100, tsofaffin jami'o'i sama da haka. Amincewar hukumar jami'o'i ta NUC daban, ta wannan majalisa daban, kuma dole a samu duka biyun. In jami'a mai kason 50 ta ɗebi 200 don kuɗin makaranta ko don matsin manya, ranar tafiya makarantar lauyoyi 50 za a karɓa. Sauran su zauna a gida da digiri a hannu suna jiran layi, ga 'yan bayansu suna ƙaruwa a kai.

Wannan ba zato ba ne. A Nuwambar 2023 majalisar ta dakatar da Jami'ar Baze ta Abuja daga ɗaukar ɗaliban lauya na shekara biyar saboda ta zarce kasonta na 50. A farkon 2025 JAMB ta sanar da cewa ba za a ɗauki ɗaliban lauya ba a zangon 2025/2026 a jami'o'i takwas da majalisar ta hukunta, ciki har da Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, ta Jihar Kwara a Malete, da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Kafin su, waɗanda suka karanta lauya a Buɗaɗɗiyar Jami'a, NOUN, sun shafe shekaru ana ja-in-ja a kansu, sai daga baya aka shirya musu kwas na musamman. A duk waɗannan rigingimu jami'a tana nan daram, ɗalibi ne yake tsufa.

Don haka kafin uba ya sayar da gona ko sa ya biya kuɗin rajista, ya sa a tambayo masa: majalisar ta amince da wannan tsangaya kuwa? Nawa ne kasonta? Mutum nawa ne a aji ɗaya bana, kuma waɗanda suka gama bara duk sun tafi makarantar lauyoyi? Ɗaliban aji biyar sun fi kowa sanin amsar tambayar ƙarshe, kuma ba sa ɓoyewa.

Masu tura 'ya'yansu waje su ma su yi hattara. Wanda ya yi digiri a Ingila, Uganda ko Maleshiya, in ya dawo sai ya fara yin zango na farko, Bar Part I, inda zai karanci tsarin shari'ar Najeriya, tsarin mulki, dokar filaye da ta laifuka, kafin ya haɗu da 'yan gida a zango na biyu. Sharaɗin shi ne digirin ya ginu a kan doka irin ta Ingila. Wanda ya karanci dokar Faransa a Yamai, ko shari'a zalla a Madina ko Azhar, ya samo ilimi mai daraja, tsarin mulki ma ya ba masanin shari'a irinsa damar zama Ƙadi in ya cika sharuɗɗa, amma ba zai wuce makarantar lauyoyi da wannan takardar kai-tsaye ba. Ga kuma darasin Janairun 2024, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri cikin makonni.

Shekara guda a baƙi da fari

Wanda sunansa ya fito, ba shi yake yanke inda zai je ba. Ɗan Gusau yana iya tsintar kansa a Yenagoa, 'yar Aba a Bagauda. Wanda ya bi hanyar da ta yi kudu daga Kano ya san wurin, tsohon otal ɗin bakin tafki da aka mayar makaranta, nesa da hayaniyar birni. Da sassafe za ka ga ɗalibai sun yi jerin gwano zuwa babban ɗakin lacca, kowa cikin baƙi da fari, hannu ɗauke da kundin dokoki mai kaurin bulo.

Darussa biyar ake yi: yadda ake gudanar da ƙarar farar hula, yadda ake gudanar da ƙarar laifi, dokar kamfanoni, dokar filaye da kadarori, sai ladubban sana'ar. A tsakiya a tura ɗalibi ya zauna a kotu makonni yana rubuta abin da ya gani, sannan a ofishin wani lauya. Akwai liyafar cin abinci sau uku da majalisar dattawan lauyoyi, Body of Benchers, al'adar da aka ɗauko daga Landan, kuma halartarta wajibi ce. Dattawa biyu daga majalisar ne za su sa hannu cewa mutum ya dace kafin a rantsar da shi. A da makarantar ta daɗe tana shahara da tsarin auna ɗalibi da darasin da ya fi rauni a ciki, ta yadda mai A huɗu yakan sauko saboda darasi ɗaya da ya yi tuntuɓe. Wanda ya faɗi sai ya sake zama.

Kuɗin ma ba wasa ba ne. A zangon 2023/2024 kuɗin makarantar ya tashi daga naira 296,000 zuwa 476,000, ban da littattafai, kwat, abinci, kuɗin mota, haya a lokacin zaman kotu, da hula da riga na ranar rantsuwa. Gwamnatocin jihohin Arewa da dama sukan tallafa wa 'yan jiharsu, sai dai tallafin yakan zo a makare, don haka gida ya fara tanadi tun yaro yana aji huɗu na jami'a. In aka haɗa lissafi, biyar a jami'a, ɗaya a makarantar lauyoyi, ɗaya a bautar ƙasa, shekara bakwai ke nan in komai ya tafi daidai. Waɗanda yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 ya rutsa da su sun san ba kullum yake tafiya daidai ba.

Iyayen 'ya'ya mata sukan tambayi batun sutura, kuma tambaya ce mai tushe. A Disambar 2017 an hana wata ɗaliba da ta fito daga Jami'ar Ilori shiga zauren rantsuwa a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Maganar ta karaɗe ƙasa, har ta kai Majalisar Wakilai. A tsakiyar 2018 dattawan lauyoyi suka amince, aka rantsar da ita da hijabi a ƙarƙashin hularta. 'Yan matan da suka biyo baya sun tarar da wannan hanya a share.

'Yar ƙanwata ta yi kuka kwana biyu, a na uku ta ce in nemo mata littattafan. Muka samu wani tsohon malami da ya yi ritaya a unguwarmu, idonsa ya fara rauni, ita take karanta masa da ƙarfi a zaure bayan la'asar, shi kuma yana tsayar da ita yana tambaya, "To 'yata, me ya sa ya faɗi haka? Nuna min a littafin." Ta zauna jarrabawar 'yan waje a ƙarshen shekara ta samu kiredit ɗin, ta sake JAMB, ta zaɓi jami'ar da ke karɓar haɗin sakamako biyu. Kafin mu biya ko kwabo na je tsangayar da kaina na tambayi kasonsu, na kuma tsaya a bakin aji na ƙirga kawuna.

Yanzu tana aji uku. In ta zo hutu, 'yan mata huɗu daga tsohuwar makarantarsu sukan zo da yamma su zauna a tabarmar zauren nan, littafi ɗaya yana zagayawa a tsakaninsu. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ko an kawo musu malamin litireca. Ta ce, "A'a Baba, har yanzu ana cewa za a kawo."